Bazazzagi Ya Biya Fam Ya Kalli Ciyawa

Bawana Bazazzagi na Maamobi, barka da sauka, ko da yake an shaida mini jikinka kaɗai ya sauka a Akra, bakinka yana can Ingila bai samu tikitin dawowa ba. Tun da ka dawo daga ganin 'yarka da jikoki, babu mai shayi, babu mai koko da ƙosai, babu ladan daga Maamobi har Kawukudi da bai sha labarin wani gidan Turawa wai shi Blenheim ba. Har an ce ranar Laraba ka tare wani Bazabarme mai albasa a kasuwar Nima, kana ta shafa fuskar waya da yatsa kana nuna masa hotuna, bawan Allah yana neman mai saye, kai kana neman mai saurare. To, tunda ba ka gajiya da faɗi, ni kuma ubangidanka ne tun kakana yana fataucin goro daga Kano naka yana riƙe masa jaki, dole in gyara labarin a gaban jama'a, kada yaran Zango su ɗauka duk abin da Bazazzagi ya haɗa da Turanci gaskiya ne.

Ka ce an sa ka a mota daga Oxford zuwa wani ɗan gari Woodstock, aka yankar maka tikiti, wanda da ka juya kuɗinsa zuwa sidi sai da ka nemi wurin zama. Sannan aka sake ku a fili. Me ke cikin filin? Ciyawa. Bayan ciyawa sai tabki, bayan tabki sai wata ciyawar, da tumaki jefi-jefi waɗanda ko ranar layya ba su sani ba. Na bi hotunan da ka cika mana WhatsApp na majalisa da su ɗaya bayan ɗaya, ina neman ko kunya guda ta masara, ko rogo, ko yakuwar da za a kaɗa miya. Babu. Fili wajen eka 2,000 a kwance yana hutawa. Na san za ka ce Bakano da ya ga wurin lissafin shaguna zai soma. Na riga ka faɗa, kuma na yi lissafin.

Ɗan littafin da ka dawo da shi ka jingina a kan talabijin don baƙi su gani, na are shi na karanta, tunda kai ko ledarsa ba ka yage ba. Sarauniya Anne ce ta ba janar ɗinta John Churchill wurin, tukuicin galabar da ya yi a kan Faransawa a yaƙin Blenheim a 1704. Aka sa harsashi a 1705, ba a kammala ba sai wajen 1722. A tsakani aka yi ta rigimar kuɗi, baitulmali ta daina biya, magina suka ajiye kayan aiki, Sarah, uwargidan Churchill, ta sa mai zanen ginin, John Vanbrugh, a gaba da faɗa har ya yi zuciya ya bar aikin. Bayan shekaru ya zo da matarsa don ya ga abin da ya zana, aka tare shi a bakin ƙofa aka ce ba ya shiga. Kai da ba ka ɗora ko bulo ɗaya ba, an buɗe maka har da murmushi, saboda ka zo da fam a aljihu.

Kana ta cewa gida ne na masu arziki tun kaka da kakanni. Arzikin ne ya sa basaraken gidan na tara ya tsallaka Amurka a 1895 ya auro Consuelo Vanderbilt, 'yar masu kamfanin jirgin ƙasa, aka gyara gidan da dukiyar ubanta, auren kuma ya mutu? Daga 1950 suka buɗe ƙofa ga duk mai kuɗin tikiti, domin gida mai ɗakuna 187 ba ya cin tarihi, rufinsa kuɗi yake ci. Kana tsammanin ziyara ka je, ashe gudummawar toshe yoyo ka kai.

Abu ɗaya ne a gidan nan da zai sa Bakano ya zaro kuɗinsa, shi kuwa ka makara. A watan Satumba na 2019 wani mai fasaha ɗan Italiya, Maurizio Cattelan, ya kawo masai na zinariya mai nauyin kilo 98, aka haɗa shi da famfo yana aiki sosai, daura da ɗakin da aka haifi Winston Churchill a 1874. Mai bukata ya rubuta suna, a ba shi minti uku. Mu da muka san layin bayan gida na haya da asuba, ga mai karɓar kuɗi a ƙofa yana miƙo guntun jarida, ga na bayanka yana buga ƙyaure, minti uku ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kwana biyu da buɗe kallon, da asubar 14 ga wata, ɓarayi suka fasa da guduma, suka tumɓuke shi cikin minti biyar, suka bar ruwa yana malala a gidan tarihi. An yi masa kuɗi fam miliyan 4.8. An kama wasu, kotu ta ɗaure, zinariya kuwa har yau ko ƙyallinta. Ka riƙe wannan labarin da kyau, shi kaɗai ne mai amfani a tafiyarka. Duk ranar da wani ɗan ƙwalisa ya ji ka ce daga Maamobi kake ya dafe aljihunsa, ka gaya masa inda aka saci masai.

Inda ka fi ba ni dariya shi ne da ka ɗaga hannu sama a majalisa ka ce, ikon Allah, wuri kamar ɗan Adam bai taɓa sa masa hannu ba. Ikon Allah kam babu inda babu shi, amma dajin nan na ƙirƙira ne, kwangila aka bayar. Wani mai tsara lambu Lancelot Brown, da ake wa laƙabi da Capability, shi aka ɗauko a 1764. Ya tarar da ɗan rafi mai suna Glyme yana rarrafe a ƙarƙashin wata ƙatuwar gada da ta fi ƙarfinsa, sai ya datse rafin, ruwa ya taru ya zama tabkin da ka tsaya a gabansa kana ƙame. Ɗakunan da Vanbrugh ya gina a ƙasan gadar suna cikin ruwa har yau. Itatuwan da ka ce sun tsiro da kansu, an auna inda kowane gungu zai tsaya, a bar wannan gefe a buɗe don ido ya wuce, a toshe wancan don kada a ga abin da ba a so a gani. Hanya ma lanƙwasa ta ake yi da gangan, gida ya ɓace wa baƙo sannan ya faɗo masa gaba ɗaya, ya buɗe baki. Kai ma ka buɗe, akwai hoton. Brown ya yi irin wannan aiki a gidaje sama da 170, ya mutu a 1783, kuma ga shi bayan shekara ɗari biyu da ɗoriya yana ruɗin mutumin Zazzau, birnin ilimi.

Daga cikin dabarunsu akwai wani rami da ake haƙawa tsakanin farfajiyar gida da makiyaya, mai bango a gefe ɗaya, ƙasa da ido. Mai gida yana taga yana ganin fili ya miƙe babu shinge, tunkiya kuwa in ta taho sai ta tarar babu hanya. Da na karanta wannan sai na ce ashe ba mu da nisa da su. Mu ma muna da ramin da ya raba Nima da Maamobi, babbar gwatar nan da kake tsallakowa kullum ka zo cin tuwon gidana. Tasu an ɓoye ta ga mai ido, tamu ko makaho ya san ya iso. Tasu tana tare tumaki, tamu ta kasa tare Bazazzagi ɗaya. Kuma kada ka ɗauka mu kaɗai ke fama da laka; tabkin nasu ma sai da aka kawo injuna aka yashe shi a 'yan shekarun nan, don ya kusa komawa fadama.

Akwai abin da ba ya cikin littafinka, shi ne inda mutane suka tafi. Ba a Blenheim ba, don can dama gandun farautar sarakuna ne, amma ba nisa da Oxford ɗin da ka kwana akwai Nuneham Courtenay, inda wani basarake Harcourt ya rushe ƙauye sukutum wajen 1760, ya mayar da mutanen bakin titi, don gidajensu suna ɓata masa kallon kogi. A Milton Abbas ta yankin Dorset, Joseph Damer ya yi wa gari guda mai kasuwa haka, Brown ɗinka kuma yana cikin aikin. Mu 'yan Zango bai kamata a karanta mana wannan ba, mun haddace shi. Unguwar Madina da muke zuwa biki da suna, mutanen da aka tasa daga wajen filin jirgi ne suka kafa ta a 1959. Masu albasar Agbogbloshie an kwashe su zuwa Adjen Kotoku a 2021. Bazabarmen da ka tare da hotuna zai iya ba ka labarin da ya fi naka. Kuma daga lokaci zuwa lokaci sai mu ji ana zancen za a sake wa Nima da Maamobi fasali, tunda muna zaune kusa da fadar shugaban ƙasa da unguwannin manya, a kan ƙasa mai tsada. In na ji babba yana cewa zai ƙawata wuri, ni dai takardun gidana nake fara lalubawa.

Abin haushin ma, wannan ciyawa da dabbobi da ka tsallake teku ka biya ka gani, a nan ƙarƙashin ƙafarka suke a da, kyauta. Malam Amadu Futa, Bafulatani mai sana'ar shanu, a 1931 ya nemi wurin nan a hannun gidan Odoi Kwao na Osu don ya riƙa tsayar da shanunsa kafin a kai su kasuwa. A lokacin Nima makiyaya ce, fili fetal. Yaƙin duniya na biyu ya zo, aikin soja ya janyo mutane, waɗanda suka dawo daga yaƙin Bama suka nemi wurin zama, ɗaki ya haifi ɗaki, lungu ya matse har ya zama in an ɗauko makara sai an karkata ta. Yau suna a titi, walima a titi, zaman makoki a titi, a kafa rumfar haya a tare hanya, direban trotro ya yi ta zagi yana neman wata.

Shi ya sa hoto ɗaya daga cikin tarin naka ban yi masa dariya da yawa ba. Wanda jikarka ta ɗauka ba ka sani ba. Kana kwance a gindin wata bishiya, babbar riga a ciki, jibgegiyar rigar sanyin surukinka a kai, hular ulu a ƙarƙashin kubbe, safa cikin takalmin soso, ka yi matashi da jakar abinci, baki a buɗe. Barci ne irin wanda ban taɓa ganin ka yi ba a shekarun da na san ka. Babu rediyon maƙwabci, babu injin markaɗe, babu yaro da zai buga ƙwallo ta faɗo maka a ciki. Duk surutun da kake yi na zanen bango da kujerun da aka kewaye da igiya aka hana zama, ƙarya kake. Ba su ne suka kama ka ba. Ka samu inuwar da ba ta kwano ba ce, ka miƙe ƙafa ba ta taɓa bangon kowa ba. Ban ga laifinka a nan ba.

Laifinka shi ne nisan da ka yi. An haife ka a Maamobi, ka yi furfura a Maamobi, ba ka taɓa hawa Aburi ba, wurin da yaran makarantar Islamiyya ke cika bas su je yawon Sallah. Daga tashar Madina trotro ne guda: Adenta, Pantang, Oyarifa, Ayi Mensah, sai mota ta soma nishi tana hawa. Ranar Asabar da safe za ka ga masu ƙiba na Akra suna hawan tudun nan da ƙafa don rage tumbi, abin da zan ba ka shawara a kai wani lokaci. Kafin a kai Peduase, inda Nkrumah ya gina masaukin shugaban ƙasa, ka waiwaya ta taga, Akra gaba ɗaya tana shimfiɗe a ƙasa, iska kuma ta canja, ta yi sanyi ba tare da ta nemi ranka ba irin ta Ingila.

Kuma in aikin Turawa kake so, lambun Aburi nasu ne, hannu ɗaya ne. Shekara guda bayan sun ƙone Kumasi a 1874, da Hausawa cikin masu ɗaukar musu bindiga, suka gina gidan jinya a kan tudun a 1875, inda ma'aikatansu da zazzaɓin bakin teku ya kayar ke zuwa murmurewa. A watan Maris na 1890 aka buɗe lambun a kewayensa, aka ɗauko William Crowther daga lambun Kew na Landan ya zama mai kula da shi na farko. Hekta kusan 65 ne, ko da yake ɗan kaso aka gyara, saura daji ne. Sai dai su nan ba don kallo kaɗai suka yi ba, kuma a nan ne Bakano ke ɗaga musu hula. Tetteh Quarshie ya riga ya shuka koko a Mampong, nan gaba kaɗan, tun 1879, da irin da ya zo da shi daga Fernando Po. Lambun Aburi ya riƙa renon dashe yana raba wa manoma yana koya musu, har zuwa 1911 ƙasar nan ta wuce kowa a duniya wajen fitar da koko. Lambu ne da ya ciyar da ƙasa. Naka na Ingila me ya ciyar ban da tumaki da mai sayar da tikiti?

Da ka shiga ƙofa, dogayen itatuwan kwakwar ado ne a jere dama da hagu, fararen jiki, santala-santala, sai ka ɗaga kai hularka ta faɗi. Mai zagayawa da baƙi zai tsinko ganye ya murje a tafin hannu ya kai maka hanci, ka ji kirfa sak, irin wadda kake roƙon mai shayi ya ƙara maka. Akwai wata bishiyar da ta tsiro a jikin wata, ta nannaɗe ta shekara da shekaru har ta cikin ta mutu ta ruɓe, ya zama sai kogo, kana shiga ka hangi sama. Duk Bakanon da ya taɓa saukar da Bazazzagi a gidansa na kwana uku ya san yadda abin ke faruwa. Akwai tsohon jirgi mai saukar ungulu da ya zama wurin wasan yara. Tunda kuma jinin sarautar Ingila ke motsa ka, Sarauniya Elizabeth ta dasa itace a can a 1961, ɗanta Charles ya dasa nasa a 1977. Su sun taso daga Landan sun zo Aburi, kai ka tashi daga gindin Aburi ka tafi neman su.

Sannan ga rimi. Wannan kam don kai nake faɗa. Ku da kuka cika mana kunne da Rimin Tsiwa da Rimin Doko, unguwannin da kai kanka a bakin kakarka kawai ka ji su, akwai wani tsohon rimi a tsakiyar lambun da ya girmi lambun kansa, ragowar dajin da aka sare. Saiwoyinsa sun taso daga ƙasa sun yi bango-bango, mutum ya shiga tsakaninsu ya ɓace. Babu ɗan kwangilar da ya auna masa wuri. In akwai inda ya kamata Bazazzagi ya ɗaga hannu ya ce ikon Allah, can ne.

Kada ka ce ba a san wurin ba. Wani da ya tashi a Wusasa, nan bayan ganuwarku, ya riga ka zuwa tun kana ɗan yaro. A ranakun 4 da 5 ga Janairu 1967 Janar Ankrah, shugaban ƙasar nan a lokacin, ya tara ɗan Wusasan nan Yakubu Gowon da Odumegwu Ojukwu da sauran hafsoshin Najeriya, har da Hassan Usman Katsina, a kan tudun nan don a sasanta. Aka ci, aka sha, aka sa hannu, kowa ya koma gida da tasa fahimtar, a watan Yuli yaƙin basasa ya ɓarke. Wannan ba abin wasa ba ne, ba zan yi wasa da shi ba; na kawo shi ne don ka san sunan Aburi yana cikin littattafan da ake karantawa a jami'ar garinku.

Ba zan ce maka Aburi ta kai Blenheim gyara ba. Wasu allunan sunayen itatuwa sun goge, wasu gine-ginen suna neman fenti, ranar hutu kuma masu lasifika kan kori tsuntsaye. Kuɗin shiga dai sidi ne, ba ya sa mutum neman wurin zama, kuma babu wanda zai nemi ka kawo takardar banki da hoton fasfo kafin ya bar ka ka kwanta a ciyawa.

Saboda haka ga hukunci. Asabar mai zuwa bayan sallar asuba ka same ni a tashar Madina. Kuɗin mota da na ƙofa naka ne, a madadin kuɗin sharar da ka yi shekaru kana gudu duk watan Muharram. Ka sa a ɗaure mana shinkafa da wake a ganye, da talia da ƙwai da shito, nawa da nama biyu. Ka taho da jikokin da ke gida, waɗanda ba su da fasfo, su ga bishiyar da ta fi gidan bene tsawo. Wayarka kuma ka bar ta a Maamobi.